Magaryar Ofis Ta Ƙi Komawa Aiki

Yau da safe na hau kan tulin taki na zauna, lema a hannu, tabarau a hanci, ina kallon katafila ido cikin ido. Bari in faɗa da bakina tun kafin maƙwabta su ƙara wa labarin gishiri: abin da na yi shekaru ina koya wa 'yan makaranta gaskiya ne, takin da ke ruɓewa yana da zafi a cikinsa. A da a allo nake rubuta musu, su kwafa, su ci jarrabawa, su manta. Yau na tabbatar da maganar ta hanyar da ba ta dace da shafin jarida ba. Zanina na fita unguwa ne ya shiga tsakani, shi ma bai ji da daɗi ba.

Za ku ce me ya kai tsohuwa mai cin fansho kan juji. Na farko dai ba juji ba ne, ko da yake hukuma ta rantse juji ne. Na biyu kuma, da ban hau ba, da yanzu lambunmu ya zama siminti. Ku gyara zama in ba ku labarin daga tushe. Ni tsayuwa ta fi mini sauƙi a yau.

A bayan layinmu akwai wani fili, tsakanin katangar makarantar firamare da shagon mai walda. Tun ina da baƙin gashi bola ce a wurin. Mun yi ta sintiri zuwa Ofishin Kau da Shara, su kuma, Allah ya saka musu, ba su taɓa korar mu ba. Kullum da fara'a suke gaya mana motar kwasar shara ba ta da taya. Ranar da ta samu taya, direba ya yi ritaya. Ranar da aka ɗauki sabon direba, an ari tayar an kai wa motar wani babba. Da muka ga jikokinmu ne za su gaji bolar, sai muka ɗauki shebur da kanmu.

Mu ɗin su wane ne? Ni ce, da ƙawata Ungozoma, wadda rabin mutanen layin nan ta hannunta suka shigo duniya kuma ba ta bari su manta. Sai Bakanike, wanda ya bar gyaran mota saboda ciwon baya ya koma haƙa rami. Sai Mai Shayi na bakin titi, da matan layin, da duk wanda ya ga dama. Ba mu da shugaba, ba mu da sakatare, ba mu taɓa yin taron ƙaddamarwa ba. Ina jin shi ya sa aikin ya yiwu. Sharar da muka kwashe muka tura ta bakin layi inda mota za ta iya isa, tana nan har yau tana jiran taya. Ta yi tsawo, ta yi ƙiba, awaki sun mayar da ita hedikwata.

Famfon unguwarmu tari kawai yake yi, ruwa sai ya ga dama. Don haka muka ce ba za mu shuka abin da zai riƙa yi mana kukan ƙishirwa ba. Muka nemo 'yan gida, waɗanda suka san halin ƙasa tun kafin a ƙirƙiro tiyo: sabara, kalgo, tafasa, aduwa, da magarya a jikin katanga. A tsakiya muka ja kunyoyin tumatir da alayyafo da kuɓewa. Tun ina yarinya ake gaya mini fure mai kyau sai wanda ya hau jirgi, namu kuwa daji ne. Na daɗe ina neman wanda ya yanke wannan hukunci ban same shi ba. Ƙudan zuma dai ba su samu sanarwar ba, domin shekara ba ta zagayo ba suka dawo, su da malam-buɗe-littafi da wasu tsuntsayen da rabona da su tun ina amarya.

Ran lambun kuwa shi ne tulin taki. Kowane gida da bokitinsa a bayan ƙofar kicin: ɓawon ayaba, ɓawon albasa, ragowar ganye, toka. Mai Shayi yana kawo tsohon ganyen shayi da ɓawon ƙwai, kafinta yana ba mu dusar katako. A jera, a yayyafa ruwa, a rufe, ranar hutu a juya. In ya nuna sai ya koma baƙi, ya yi laushi, ya riƙa ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Ƙasar filin nan ta sha batir da leda har ta mutu. Duk abin da kuka ga ya tsiro a wurin, a kan takin nan ya tsiro. A ɗauke shi, an ɗauke lambun.

Surukata, matar ɗana, yarinya ce mai tsafta, ba ni da abin cewa a kanta. Amma ta ɗauki bokitina abin kunya. In za ta yi baƙi sai ta lulluɓe shi da ƙyallen teburi, har wata rana wata baƙuwa ta ɗora jakarta a kai ta ce teburin yana da ɗumi.

"Mama, mutane za su ce ba ma ba ki abinci ne, kina bin ɓawo gida-gida."

"Ki ce musu karatu na koma."

"Ai an ce shara a kai ta nesa."

"Nesa ina ne, 'yar nan? Na koyar da taswira ma na ɗan lokaci, ban ga garin ba. Duk inda kika kai ta, ƙofar gidan wata ce."

Ana nan, sai ga baƙo daga Ofishin Kau da Shara. Karo na farko ke nan da ƙafar ofishin ta taka layinmu. Ya wuce bolar bakin layi, har ya ɗan dafa ta don ya tsallake kwata, ya miƙo kai tsaye wurinmu da gwangwanin jan fenti da buroshi. Mai Jan Fenti muke ce masa tun daga ranar.

"Iya, wannan juji na wa?"

"Taki ne, ɗana."

"Me ke ciki?"

Na gaya masa.

"To ai shara ke nan."

"Da shara ce. Yanzu ta tuba."

"Iya, a wurinmu shara ba ta tuba. In an zubar da abu, ya zubu."

Ungozoma ta nuna masa bakin layi da haɓa. "Waccan fa, ranka ya daɗe? Ga ta can kamar dutse."

Ya waiga ya dube ta da girmamawa. "Waccan tana cikin tsari, Gwaggo. An san da ita, jiran lokacinta take yi. Taku ce ba ta da izini."

Sai ya juya kan sabara da kalgo da magarya, ya ce wannan dajin ma zai tafi, saboda macizai. Bakanike ya ce duk zamanmu a wurin ba mu taɓa ganin maciji ba.

"Ka ga haɗarin ke nan, Baba. Ɓoyewa suke yi."

Hukuncin dai shi ne za a kwashe tulin, a nome dajin, a baje filin da katafila, a malala siminti, duk don lafiyarmu. Sai aka zo wurin sa alama. Ƙa'idar aikinsa ita ce ya shafa jan fenti a jikin abin da za a rushe. Ya tsoma buroshi ya shafa wa tulin, tulin ya shanye. Ya ƙara, ya sake shanyewa. Ya tsaya yana zufa. Bakanike, wanda ladabi zai kashe wata rana, ya tafi gida ya ɗauko masa allon katako, ya riƙe masa yana shafawa, ya kuma kafa masa shi da guduma a gaban tulin.

"Yaya, baƙo ne fa," ya ce da na harare shi. "Ai ba ma tsaya muna kallonsa yana wahala ba."

Ba a jima ba sai ga wata tawaga, wannan karon daga Ofishin Ƙawata Gari. Ashe lokacin bikin dashen bishiya ya zo, kuma Mai Girma Uban Almakashi, Garkuwan Ƙyalle, Mai Buɗe Abin da Aka Riga Aka Buɗe, zai dasa bishiya da hannunsa mai albarka. Sun zaga gari kaf suna neman kore da za a yi hoto a gabansa, sun tarar duk inda suka ƙawata ya bushe. Mu kaɗai da ba a taɓa ƙawatawa ba muka rage. Na nuna musu allon jan fenti. Shugaban tawagar ya ce wannan ba matsala ba ce, wancan ofis daban, su daban. A ƙawata tukuna, in ya so a rushe daga baya, kowa ya yi aikinsa. Sai ya sa aka juya allon, aka rubuta a bayansa cewa a nan Mai Girma ya dasa bishiya domin al'umma masu zuwa. Ka tsaya ta titi ka karanta alkawari, ka zagaya ta baya ka ga hukunci. Ban taɓa ganin rubutun hukuma mai gaskiya irin na allon nan ba.

Daga nan aka shiga ƙawatawa. A wurin mutanen nan kyau launi ɗaya gare shi, fari. Suka shafa wa gindin aduwa farin fenti, suka shafa wa duwatsu, suka shafa wa sandunan tumatir. Duk abin da bai motsa ba ya sha. Mai Shayi ya yi gyangyaɗi a kan benci, ya farka da fararen takalma. Tulin takin kuwa suka lulluɓe shi da wani ƙaton ƙyalle mai hoton Mai Girma yana murmushi. Da rana ta yi, tururi ya riƙa fita ta wajen kunnuwansa.

Ranar biki, tun kafin rumfa ta cika, wata tsohuwar motar ofis ta tsaya. Wani siririn mutum mai furfura ya fito, ya zagaya, ya buɗe ƙofar gaba, ya kwance bel, ya rungumo wata 'yar bishiya da ba ta wuce gwiwata ba, gindinta cikin baƙar leda. Ya ajiye ta a inuwa, ya fito da abin yankan farce, ya shiga datse mata ƙayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Na matsa. "Sannu da aiki, malam. Aski ake mata?"

"Ƙaya, Iya. Kada ta taɓa hannun Mai Girma. Ta taɓa yi, aka hana ni ƙarin girma."

"Ashe ta taɓa zuwa biki."

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana ta taɓa fitowa. Sannan ya rage murya. Ashe ita ke nan bishiyar. Ita kaɗai ofishin ya mallaka, shi kuma Mai Riƙon Bishiya, muƙaminsa ke nan tun yana saurayi. A dasa ta da ledarta, a yi tafi, a yi hoto. In jama'a sun watse ya zaro ta, ya kakkaɓe, ya mayar da ita ofis ta kwana a bayan kabad kusa da taga. In saiwa ta leƙo ta ƙasan leda ya datse. An dasa ta a ƙofar asibiti, an dasa ta a kasuwa, a makarantu, a shataletale. Masu Girma da dama sun zo sun wuce, kowanne ya dasa ta.

"Ta girmi wasu daraktocinmu," ya ce, yana shafa ganyenta. "Ba ta taɓa makara ba."

Na gyara tabarau na duba ganyen. "Malam, ai wannan magarya ce."

Ransa ya ɓaci. Ya nuna mini wata 'yar takarda da ke rataye a wuyanta, da dogon suna irin na littafi. "Daga waje aka yi odarta, Iya."

Na karanta. Sunan magarya ne na boko, ita dai wadda ke tsaye a jikin katangarmu tana jiran katafila a matsayin daji. Ban ja maganar ba. Na lura tun tuni cewa abu ba ya samun daraja a wurin manya sai an rataya masa sunan da ba mai iya faɗa.

An haƙa ramin a gindin tulin takinmu, domin nan ne ƙasa ta fi laushi, Mai Girma kuma likita ya hana shi wahala. An ce zai iso da hantsi. Ya iso bayan inuwa ta juya, 'yan makarantar da aka jera da tutoci sun yi laushi kamar alayyafon jiya. Ya yi jawabi. Ya ce kafin ya sauka daga kujera sai tsuntsu ya tashi daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan bai ga rana ba. Ya yaba wa ofishinsa da ya raya wannan wuri daga kufai. Muka tafa. Ungozoma ba ta nan, ta tafi duba wata jikarta mai tsohon ciki, da ba mu tafa lafiya ba. Aka sa masa farar safar hannu, aka miƙa masa shebur mai ruwan zinariya, ya barbaɗa ƙasa kamar mai sa sukari a shayi. Aka ba shi buta ya ɗiga ruwa. Aka kawo tasa aka wanke masa safar, tana hannunsa.

Wajen tafiya ɗaya daga cikin motocin rakiya ta ƙi tashi, mai ya ƙare mata. Nan take aka karɓe motar Mai Riƙon Bishiya aka cika ta da masu tafi, aka ce shi ma ya shiga ya riƙe sheburin zinariya, don shebur ya fi bishiya daraja. Ya leƙo ta taga, idonsa a kan 'yar magaryar.

"Iya, amana. Gobe da sassafe zan zo in ɗauke ta. Kada a taɓa ta."

Na ce ya tafi da kwanciyar hankali. Sai na bi masu kwashe kujeru don in karɓo bencinmu da suka haɗa da nasu.

Ko da na dawo, sai na tarar da Ungozoma durƙushe a gindin bishiyar, tana wanke hannu da butar da Mai Girma ya bari. Ga baƙar leda a gefe, an tsaga ta daga sama har ƙasa, tsaf, yankan gwani. Ga reza.

"Ke, me kika yi?"

"Abin da ya kamata. Wane irin sakarci ne wannan, a binne yarinya da rigarta? Saiwoyin duk sun nannaɗe kamar cibiya a wuya. Na warware su, na ba ta taki, na danna ƙasa. Dubi yadda take numfashi."

"Ba tamu ba ce. Ma'aikaciyar gwamnati ce, gobe tana da aiki."

Na ba ta labarin. Ta saurara har ƙarshe, ta goge rezarta da gefen zani.

"Malama, ni a aikina ban taɓa mayar da wanda ya fito ba."

Gari ya waye, Mai Riƙon Bishiya bai zo ba. Wahalar mai ce ta sauka a gari, irin wadda ake zaman layi har a ƙulla auratayya. Motar ofis ta shiga layi. Katafilar Mai Jan Fenti ma ashe tana layin nan, 'yan motoci kaɗan a gaba. Bawan Allah ya aiko mana saƙo ta bakin Mai Shayi cewa bishiyar gwamnati ba ta hawa motar haya, doka ce, mu ci gaba da riƙon amana. Ana cikin haka damina ta sauka. Ku da kuka san magarya kun san sauran. Baiwar Allah da ta ƙare rayuwarta a bayan kabad ta ji taki, ta ji ruwan sama, ta ji ba mai datse mata ƙafa. Ta wuce gwiwata, ta wuce ƙuguna, ta wuce kaina, ta fitar da ƙayoyi irin na wanda ya daɗe yana haɗiye magana.

Mu kuwa kullum da jan fentin nan muke kwana a rai. Bakanike ya ce mu kwashe takin mu ɓoye a gidajenmu. Na kawo maganar a gida, surukata ta ce in takin ya shigo ta ƙofa ita za ta fita ta taga. Ɗana kuma, wanda ya gaji ubansa a son zaman lafiya, ya ce, "Mama, ki bar wa hukuma filinta, ki huta."

Na ce masa na san waɗanda suka huta, ba a jin labarinsu.

Jiya aka samu mai. Yau da safe ina shan shayi na ji kofi yana rawa a hannuna, na ɗauka tsufa ne, ashe ƙasa ce. Na ɗauki lema na fita. Ga katafila a bakin lambu, tifa na biye, Mai Jan Fenti yana tafe a gaba kamar abokin ango. Maza sun tafi aiki, mata suna kicin. Daga Ungozoma sai Bakanike, shi kuma har ya fara janye benci don inji ya samu hanya. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da gwiwoyina ba. Na hau.

"Iya, sauko."

"Ban gama zama ba."

"Aikin hukuma kike tarewa."

"Na jira hukuma tun ina da haƙora. Ta jira ni in huta."

Direban katafila, wani mai ƙaton ciki, ya leƙo daga sama. "Yallaɓai, tsohuwar nan fa hayaƙi take yi."

Gaskiyarsa. Tururi ne ke tashi ta kowane gefena. Ungozoma kuwa daga ƙasa tana ba ni ƙwarin gwiwa irin nata. "Daure, Malama. Na ga mata a kan abin da ya fi wannan. Ja numfashi, ki saki a hankali."

Ba zan ɓoye muku ba, na fara tunanin sauka. Lambu lambu ne, amma jikin nan ma shi ke gare ni. Sai ga tsohuwar motar ofis ta shigo tana tari.

Mai Riƙon Bishiya ya fito da sauri, sabuwar leda a hannu ɗaya, abin yankan farce a ɗayan, wai gobe Mai Girma zai dasa bishiya a sabuwar tashar mota. Ya nufi wurin allo, ya duba ƙasa inda ya bar ta, bai gan ta ba. Ya ɗaga kai a hankali, ya yi ta ɗagawa.

Ya kama gindinta ya ja yadda ya saba, da 'yan yatsu. Ya sa hannu biyu. Ya tokare ƙafa ya yi nishi. Magarya ta miƙo reshe ta karɓe masa hannun riga. Ya durƙusa ya tona yana neman leda, sai saiwoyi, farare tas, sun bazu sun shige cikin tulin da nake zaune a kai.

"Wa ya cire mata leda?"

"Ni ce," in ji Ungozoma. "Ba sai ka gode ba."

Ya zauna daɓas a ƙasa. Na ɗauka kuka zai yi. Ya daɗe yana kallonta daga ƙasa har sama, sannan ya ce, ba da kowa ba, "Ban san tana da tsawo haka ba."

Mai Jan Fenti ya matso. "Malam, ɗauke kayanka, za mu yi aiki."

Bawan Allah ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya gyara hannun rigar da ya rage. "Ba ta ɗaukuwa. Saiwarta na cikin tulin nan. Ka taɓa tulin, ka kashe ta."

"Sai me? Daji ce. Ga irinta can a jikin katanga."

"Waccan daji ce. Wannan Mai Girma ne ya dasa ta da hannunsa. Hoton yana rataye a ofishinku, daidai saman teburinka. In ta mutu ni zan kai rahoto, kuma sunan mai katafila ake fara tambaya."

Direba ya kashe inji nan take.

Mai Jan Fenti ya je ya juya allon, jan fenti ya fuskanci titi. Mai Riƙon Bishiya ya je ya mayar da shi. Suka yi ta juya shi har ramin ya yi faɗi allon ya kwanta. Bakanike ya ruga ya ɗauko guduma, ya tsaya a tsakaninsu yana tambayar ta wace fuska ake so. Daga nan kowa ya koma gefe ya kira ogansa a waya. Ogan wannan ya kira ogan wancan, aka ce yana taro, aka kira ogan taron. Ni dai ina sama ina dahuwa.

Kafin rana ta take hukunci ya sauko, kuma ina roƙon masu karatu su miƙe tsaye don girmama hikimar da ke cikinsa. Ba za a taɓa tulin ba, saboda bishiya. Ba za a soke umarnin rushe shi ba, saboda umarni ne. An kafa kwamitin haɗin gwiwa na ofisoshin biyu da zai duba lamarin, kuma zai fara zama da zarar an samo masa mota. Ku da kuka san tarihin taya a garin nan kun san jikokin jikokina za su ci 'ya'yan magaryar nan. Sauran tsirran ma sun tsira, domin direba ya rantse ba zai kusanci wani ganye a filin ba, tunda ba a goshi ake rubuta wanda Mai Girma ya taɓa ba. Shi kuwa Mai Riƙon Bishiya, da yake ƙa'idar aikinsa ta ce duk inda bishiya take nan yake, an mayar da wurin aikinsa lambunmu, daga safe zuwa tashi, har ya yi ritaya.

Sai a lokacin na sauko, Bakanike a dama, Mai Shayi da ya ƙaraso daga baya a hagu. Direban katafila ya matso yana sosa ƙeya, ya ce matarsa tana da 'yan tukwanen barkono a bayan ɗaki, ko za a samu ɗan jujin nan. Ungozoma ta cika masa sabuwar ledar da aka kawo wa magarya. Sannan ta miƙa wa sabon ma'aikacinmu shebur, na ƙarfe, ta nuna masa ƙaramin tulin da muka fara a gefen katanga.

"Gwaggo, ni fa babban ma'aikaci ne."

"Manya ma ta hannuna suka fito, tsirara. Fara daga gefe."

Katafila ta juya ta fita. A bakin layi ta tarar da bola ta tare rabin hanya. Direba ya rage gudu, ya kauce mata a hankali, ko leda ɗaya bai taɓa ba. Aiki da tsari ke nan.

Na tambayi Mai Riƙon Bishiya yadda za a yi da bikin gobe a tasha. Ya ce an ɗage sai an yi odar wata daga waje. Na ce in suna so, ga ƙananan magarya nan suna tsirowa da kansu a bayan bencinmu, su ɗiba kyauta. Ya ce kyauta ba ta shiga kasafi.

Saboda haka, mai karatu, in a unguwarku akwai allo da ke cewa a nan aka dasa bishiya domin al'umma masu zuwa, ka duba ka ga rami kawai da ruwan kwata, kada ka zargi awaki. Bishiyarku tana wurinmu, lafiyarta ƙalau, ta yi ƙiba. Kurmin nan kaf da kuka yi shekaru kuna gani a jarida, ga shi tsaye a bayan shagon mai walda, ana iya zagaye shi ba a sauke numfashi ba. Ƙofa a buɗe take ranar hutu, ku zo da ɓawon ayaba. Wanda kuma yake da niyyar kare lambu da jikinsa, ya taho da matashi mai kauri. Ni a tsaye na rubuta wannan.